RA'AYI: Wa ya kira ka zuwa Maiduguri, wa kuma ya ce ka bar ta?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da teburin da ake rabon wuraren aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja ya san takardu iri biyu ne ke zuwa a kan Maiduguri. Ta farko ta mai roƙon a janye sunansa ce, da shaidar likita a manne ko wasiƙar wani babba. Ta biyu ta mai kamun ƙafa ce, yana neman a ba da shi aro ga wata hukuma ko wani shirin agaji mai ofis a GRA, inda alawus ke da kauri. Idan Kiristoci ne, magana ɗaya za ka ji daga bakin kowannensu ranar Lahadi bayan sujada: ya yi addu'a, Ubangiji ya nuna masa. Wannan an nuna masa ya zauna, wancan an nuna masa ya tafi. Abin lura shi ne, sau da yawa abin da aka nuna ɗin yakan yi daidai da abin da tsoro ko aljihu ya riga ya zaɓa.

Ba izgili nake yi wa addu'ar kowa ba. Damuwata ita ce kalmar "kira" ta yi araha a bakinmu, har ta zama hatimin da muke bugawa a kan shawarar da muka gama yankewa. Alhali addinin Kirista yana da tsohuwar hanya ta gwada kira, mai wuya, mai cin lokaci, wadda ginshiƙinta shi ne mutum ya zargi zuciyarsa, ya kuma yarda wasu su bincike ta. A ganina ma'aikacin gwamnati da hadimin mai mulki sun fi fasto buƙatar wannan hanya a yau, domin fasto yana da masu tace shi, su kuwa ba su da kowa.

GRA ta Maiduguri wuri ne da ya dace a duba wannan lamari. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe ta don kansu, gefe da Yerwa da aka kafa a 1907, suka bar ta da manyan filaye da inuwar darbejiya, daga baya manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaje ta. Bayan rikicin Boko Haram ya ɓarke a Yulin 2009 ya kuma yi ta tsananta, da yawa daga cikin masu hali suka kwashe iyalansu zuwa Abuja da Kano da Kaduna. A ranar 14 ga Maris, 2014, mazauna unguwar sun wayi gari da rugugin harin da aka kai Barikin Giwa. Daga wajen 2016 kuma sai iska ta juya. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka kama gidaje haya, suka ƙara wa katanga tsayi da waya mai ƙaya, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Gabas, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2017, ita ma a Maiduguri aka ajiye hedikwatarta. Garin da ake gudu ya koma garin da ake rububin zuwa. Sai ga shi a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, ayyuka suka tsaya, aka sallami ma'aikata. Wanda ya ce Allah ne ya kira shi hidimar 'yan gudun hijira lokacin da albashi ke tafiya da farashin dala, yanzu ne shi kansa zai san gaskiyar maganarsa.

To, yaya Ikilisiya ke gwada kira?

Mu fara da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda ta fi kowace ikilisiya jin jiki a wannan rikici. An ƙona babbar majami'arta ta Wulari a Maiduguri a 2009, kuma akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. Tushenta a Nijeriya Garkida ne, inda Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Maris na 1923. Amma asalin 'Yan'uwan ya koma wani ƙauye a Jamus mai suna Schwarzenau, a 1708. Tsohuwar al'adarsu game da kira tana da ban sha'awa: mutum ba ya neman zama mai hidima. Ikilisiya ce ke taruwa ta yi addu'a, kowane ɗan'uwa ya je gaban dattawa shi kaɗai ya faɗi sunan wanda yake ganin ya cancanta, ba tare da an tsayar da ɗan takara ba. Wanda aka zaɓa, ko manomi ne ko maƙeri, ya ci gaba da sana'arsa yana hidima ba albashi. Nuna zaƙuwa ga muƙamin ma kan jawo a yi shakkar mutum. Tsarin ya sauya da zamani, yanzu akwai makarantar tauhidi ta Kulp a Kwarhi, akwai majalisu daga na ikilisiyar unguwa zuwa na gunduma har babbar majalisa, amma jijiyar tana nan: ba ka shaidar kanka.

Haka abin yake a Cocin Katolika. Saurayin da ya je wa Bishop Oliver Dashe Doeme, wanda ke riƙe da Maiduguri tun 2009, ya ce yana jin kiran zama fada, ba a ce masa barka a ɗora masa riga. Shekara takwas ko fiye zai yi ana karantar da shi ana kuma karantar halinsa, a tura shi ƙauye a ga zamansa da mutane, a tambayi waɗanda suka san shi. Ran naɗi ma sai an tambaya a bainar jama'a ko an same shi ya cancanta. Wasu a shekara ta shida ake sallamarsu, kuma Coci ba ta ɗaukar hakan asara.

Dukkansu daga Littafi Mai Tsarki suka ɗauko wannan. Yaro Sama'ila ya ji murya har sau uku, kowane karo yana rugawa wurin Eli, kuma tsohon nan, duk da ya kasa tsawata wa 'ya'yansa, shi ne ya gane abin da ke faruwa ya faɗa wa yaron yadda zai amsa. Bulus ya ga haske a hanyar Dimashƙu, amma sai bayan fiye da shekara goma ikilisiyar Antakiya, cikin azumi da addu'a, ta keɓe shi da Barnaba ta ɗora musu hannu ta aike su. Idan mai irin wannan wahayi ya jira ikilisiya, ban ga dalilin da mafarkin dare ɗaya zai ishi mataimakin darakta ba.

Wanda ya fi kowa tsara wannan ilimi daki-daki shi ne Ignatius na Loyola, kuma labarinsa ya kamata ya ja hankalin hadimai, domin shi ma ɗan fada ne, mai son suna da ado. A 1521 harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona da ke Sifaniya. Yana kwance yana jinya wata da watanni sai ya lura da wani abu a zuciyarsa. Idan ya yi ta saƙar zuci a kan jarumtaka da ɗaukaka a fada, yakan ji daɗi a lokacin, amma da tunanin ya gushe sai ya bar shi a bushe. Idan kuwa ya yi tunanin bin sawun bayin Allah da yake karanta tarihinsu, natsuwar takan zauna ko bayan tunanin ya wuce. A kan wannan ƙaramin bambanci ya gina littafinsa na horon ruhu, wanda Fafaroma ya amince da shi a 1548. Mabiyansa, waɗanda suka buɗe kwalejin Loyola a Gidan Mangoro da ke Abuja a 1996, har gobe suna keɓe kansu kwana talatin cikin shiru a kan tsarinsa.

Ba sai mutum ya zama ɗan Katolika zai amfana da ƙa'idojinsa ba. Mafi wuya a cikinsu ita ce ta farko: kafin ka tambayi Allah, ka kai zuciyarka inda za ta tsaya daidai kamar sikeli, a shirye take ta karɓi kowace amsa. Wanda ya riga ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa a Gwarinpa, ya kuma rantse a ransa ba zai taka hanyar Damaturu ba, sannan ya durƙusa yana neman nufin Allah, goyon baya yake nema. Gara ya faɗa wa Allah gaskiya cewa tsoro yake ji, daga nan addu'ar gaske za ta fara.

Wata ƙa'idar ita ce kada a sauya shawara a lokacin duhun zuciya. Daren da bam ya tashi kusa da ofishinka, ko ranar da mai gidanka ya tozarta ka a gaban baƙi, ba lokacin rubuta takardar ajiye aiki ba ne. Ya kuma yi kashedi da ɗaukar alkawari cikin zumuɗi, wanda a wurinmu shi ne daren da aka karanta sunanka a labaran ƙarfe tara, waya tana ta ruri, kowa yana cewa Allah ya yi. Ya ba da shawara mutum ya ɗauka wani baƙo ne da yake so da alheri ya zo masa da wannan matsala, ya duba abin da zai gaya masa, sannan ya bi shawarar da kansa. Ya ce mutum ya hango kansa a gadon mutuwa ya tambayi wanne zai so a ce ya zaɓa. Ya lura kuma cewa mugun tunani yakan shigo da rigar alheri, don haka a bi shi daga farkonsa zuwa tsakiyarsa zuwa inda ya ƙare. Tunanin da ya fara da "zan taimaki mutanena na Gwoza" ya ƙare da lissafin filin da za a saya a sabuwar GRA, ya nuna kansa. Sannan ya ce mai ruɗi ba abin da yake ƙi kamar a tona shi, saboda haka duk shawarar da kake jin nauyin faɗa wa matarka ko wani dattijo mai tsoron Allah, akwai ayar tambaya a kanta. Ƙarƙashin duk waɗannan akwai ɗan aikin kullum: kowane dare mutum ya zauna kaɗan, ya gode, ya bi sawun yininsa, ya ga inda ya ji kusanci da Allah da inda ya ji nisa. Wanda ya yi wata shida yana haka zai san kansa fiye da yadda takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara za ta taɓa sanar da shi.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da ba a cika faɗa ba. A 1523 Ignatius ya isa Urushalima da tabbacin cewa can Allah ya kira shi ya zauna har mutuwa. Shugaban limaman da ke kula da wuraren ibadar ya ce masa a'a, domin an sha kama irinsa ana neman fansa, wasu ma an kashe su. Ya yi gardama, aka nuna masa umarni ne, ya tattara ya koma. Yana da shekara talatin da uku ya zauna cikin yara a Basalona yana koyon Latin. Gwanin rarrabe muryoyi ke nan, sai da wani ya gyara masa ji.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan zancen limamai ne, ina ruwan mai tura fayil? Wannan tunani shi ne tushen ɓarnar. Mun raba duniya biyu, mun ba fasto kira, mun bar wa ma'aikaci neman abinci, sai ya zamana ba wanda ke tambayar abin da ake yi daga Litinin zuwa Juma'a muddin ana kawo zakka ran Lahadi. Tun ƙarni na 16 Martin Luther ya yi jayayya da wannan rabo, ya nace cewa aikin manomi da na alƙali da na mai reno kira ne. Kafin shi ma, lokacin da masu karɓar haraji da sojoji suka je wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki su bi shi jeji ba. Ya hana masu haraji karɓar fiye da abin da aka ƙayyade, ya hana sojoji ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Da a shingen bincike na hanyar Maiduguri zuwa Bama aka yi wannan wa'azi, ba sai an sauya ko kalma ɗaya ba.

Ga hadimai kuwa, babu madubi kamar Nehemiya. Mai shayar da Sarki Artashate ne a fadar Shushan, wato mutum mai kusanci da kunnen sarki, irin wanda a yau za a kira babban mataimaki na musamman. Ɗan'uwansa ya kawo masa labarin garun Urushalima a rushe, mutanensa cikin wulaƙanci. Ya yi kuka, ya yi azumi, amma bai ruga wurin sarki ba. Kimanin wata huɗu ya yi yana addu'a yana ci gaba da aikinsa. Da dama ta samu, sai ga shi da tsari a hannu: ya faɗi lokacin da zai dawo, ya nemi wasiƙu zuwa ga gwamnonin hanya, ya nemi takardar samun katako. Da ya isa, ya yi kwana uku bai ce uffan ba, ya zaga kangon da dare ya gani da idonsa, sannan ya tara mutane. Aka gama garun cikin kwana 52. Abin da ya fi tabbatar da kiransa shi ne abin da ya biyo baya: shekara 12 yana gwamna bai karɓi kason abincin da doka ta ba gwamna ba saboda nauyin da ke kan talakawa, kuma bai sayi fili ba. Borno cike take da garuruwan da ake sake ginawa, daga Bama zuwa Ngoshe, ga kuma ɓarnar da ambaliyar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024. Masu cewa su ne Nehemiyan wannan zamani ba su da wuyar samu. A duba su ta wajen alawus da fili.

Akwai gyara biyu da dole a yi wa wannan magana, in ba haka ba za ta zama bulala a hannun marasa tausayi.

Tafiya ba kullum take nufin gudun kira ba. Ranar 29 ga Oktoba, 2014, da mahara suka mamaye Mubi da Kwarhi, shugabannin EYN da kansu sun bar hedikwatarsu suka koma Jos na ɗan lokaci, daga can suka ci gaba da kula da jama'arsu da suka warwatsu har sansanin Minawao a Kamaru. Bulus ma an taɓa zurara shi a kwando ta garun Dimashƙu da dare. Mutum mai ƙananan yara, ko wanda ya ga abin da ya hana shi barci shekara da shekaru, zai iya gwada zuciyarsa da gaskiya ya tarar tafiyar ce daidai. Rabaran Faye Pama Musa, sakataren ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Borno da aka harbe a Maiduguri a Mayun 2013, da Rabaran Lawan Andimi na Michika da aka kashe a Janairun 2020, sun cancanci a tuna da su da girmamawa. Amma wanda ke zaune cikin sanyin ofis a Abuja ba shi da hurumin ɗaga jininsu ya kunyata wanda ya tsira da ransa. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Na biyu, gwamnati da ma Ikilisiya sun iya fakewa da kalmar kira su danne haƙƙi. An daɗe ana ce wa malamin makaranta ladansa yana sama. Ma'aikatan lafiya sun yi shekaru suna karɓar naira 5,000 a wata a matsayin alawus na kasada, sai a ƙarshen 2021 aka sake duba shi. Ma'aikaciyar jinya da ta amsa kira zuwa Monguno ba ta yafe albashinta ko tsaron ranta ba, kuma wanda ya tura ta ba tare da tanadi ba zai amsa tambayarsa daban. A nan hadiman da ke rubuta wa manya takardu suna da nasu kason.

'Yan'uwanmu Musulmi ba za su ji wannan magana baƙuwa ba. Suna da istihara, kuma malamai na ƙwarai suna nanata cewa tare take tafiya da shawara, ba jiran mafarki ba ce. Sadaukarwa a Borno ma ba ta tambayi addini ba. Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, ungozomomin da ke aiki da Red Cross a Rann, an sace su ne a Maris na 2018 tare da Alice Loksha, ma'aikaciyar jinya Kirista, aka kashe su biyun a cikin shekarar, ita kuma ta yi fiye da shekara shida a hannun maharan. A wuri ɗaya suke hidima.

Abin da nake roƙon majami'unmu, na Abuja da na Maiduguri, ƙarami ne. Mun ƙware a sujadar godiya. Da an naɗa ɗan ikilisiya muƙami sai a yi anko, a yi rawa zuwa gaban bagade, a miƙa ambulan. Ba laifi. Amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. A samar da wani zama kafin nan, wanda mutum zai iya nema cikin sirri idan aka yi masa tayin muƙami, ko aka tura shi inda ba ya so, ko yana tunanin ajiye aiki. Mutum uku ko huɗu sun isa, da sharaɗin ba wanda zai ci riba da amsar. Wannan ya fitar da faston da ke jiran a rufa masa ginin majami'a, ya fitar da ƙanin da ke jiran kwangila. A sa tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya da mutuncinsa, a sa uwa daga zumuntar mata, a saurari matar mutumin ko mijinta, domin su ma za su kwana cikin shawarar. Mabiya ɗariƙar Kwaka a Amurka suna da irin wannan zama, kuma dokarsu ita ce ba a ba da umarni ko annabci, tambaya kawai ake yi. Me kake tsoro? Wa zai amfana in ka je, ban da kai? In aka cire alawus na kwana 28 na farko da motar ofis, za ka je? Wane abu ne in mai gidanka ya sa ka za ka ce a'a, ko da zai kai ka ga rasa kujerar? Wa ka yarda ya faɗa maka in ka fara sauyawa?

Matsalar da ta rage ita ce lokaci. Takardar sauyin wurin aiki ba ta ba mutum wata huɗu irin na Nehemiya, 'yan kwanaki take bayarwa a kama aiki, tayin muƙamin siyasa kuwa wani lokaci a waya ake yin sa, ana jiran amsa kafin gari ya waye. Saboda haka mutanen da za a tambaya sai an same su tun ana zaune lafiya, binciken zuciya na kowane dare kuma sai an fara shi tun sunan mutum bai shiga jerin waɗanda za a tura ba.